In ka taya aka sallama maka, ya zama dole ka saya?

Bala_Atamfa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana a kan tayi, kuma ina so masu saye da masu sayarwa duk su sa baki. Mu da muka tashi a kasuwa, abin da iyayen gidanmu suka koya mana shi ne tayi alkawari ne. In ka tambayi kuɗin kaya aka gaya maka, kana da ikon ka ce Allah ya kawo kasuwa ka wuce, babu mai riƙe ka. Amma da zarar ka buɗi baki ka ce na saya kaza, mai kaya ya ce kawo kuɗi, ko ya ce na sallama, to ciniki ya faɗa. Yanzu kuwa mutum zai sa a sauko masa da turame daga saman kanta, a warware masa, ya taya, a ja, a ja, har ka sallama a kan kuɗin da shi da bakinsa ya ambata, sai ya ce bari in zaga in dawo. Kuma ba zai dawo ba. Ni a wurina wannan shiga hakki ne. Ko ni ne nake kallon abin ta ɓangare ɗaya?

Maman_Khairat:
Wa alaikumus salam. Malam Bala, ta ɓangare ɗaya kake kallo gaskiya. Ku fara gyara naku bakin tukuna. Abin da zai tsaya a dubu goma sha biyu sai ku ce dubu ashirin da biyar. Ni da ban san kan kaya ba, in na raba biyu na taya sha uku, ka yi caraf ka ce kawo kuɗi tun ban rufe baki ba, ai nan take jikina zai ba ni cewa na zarce. To don me zan tsaya in biya? Wanda ya fara ɗaga farashi sama da hankali shi ya fara karya amanar cinikin.

Sani_Singa:
Ina tare da Bala. In ba ka shirya saye ba, kada ka taya. Tambaya kyauta ce.

Dattijo_Kara:
Bari in ba ku yadda muke yi a kara, don mu a can wannan maganar ba ta da gardama. Ni dillalin dabbobi ne, ina cin Wudil ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis. Mai sa ba ya magana da mai saye. Yana gefe a zaune, igiya tana hannuna. Mai saye zai zo ya zagaya san, ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya dafa gadon baya, ya ɗaga wutsiya, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Duk wannan babu wanda zai hana shi, ko wuni zai yi yana dubawa. Sai ya ce a sa suna. In ya taya, ni zan je wurin mai dabba in gaya masa. In bai kai ba, ya ce albarka. Ku lura, ba ya cewa a'a, ba ya cewa ka raina mini dukiya. Albarka kawai, wato ƙofa a buɗe take, ƙara ka gani. Haka za a yi ta kai da kawowa, ni ina lallashin wannan ya ƙara, ina lallashin wancan ya sauko. Ranar da mai dabba ya ce a ba shi, na miƙa igiya ga mai saye a gaban mutane, aka ce Allah ya amfana, shi ke nan. La'adata ta tabbata, kuma ko bayan minti ɗaya wani ya zo da ƙarin dubu hamsin, mai dabba ba shi da bakin magana.

Abin da nake so Hajiya Maman Khairat ta gane shi ne, dokar ba mai saye kaɗai take ɗaurewa ba. Yadda kika ɗaure shi da tayinki, haka shi ma ya ɗaure kansa da sallamarsa. In kika ce ke kina da ikon janyewa, to shi ma yana da ikon ya karɓe kayan daga hannunki in wani ya ƙara. Za ki yarda da wannan?

Maman_Khairat:
Baba Dattijo, na ji, kuma ba zan yarda a karɓe mini ba. Amma a kara ai kowa ya san kasuwar ranar, ga shanu nan birjik ana sayarwa a gaban ido, mutum zai kwatanta. Ni kuwa a cikin shago ni kaɗai ce da mai kaya. Shi ya san uwar kuɗinsa, ni ban sani ba.

Almajirin_Zaure:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Wannan mas'alar malaman fiƙihu sun tattauna ta tun da daɗewa, kuma sun raba ta yadda za ta ba Malam Bala gaskiya a wani wuri, ta ba Hajiya sarari a wani wuri.

A mazhabar Malikiyya da muke karantawa a zaurukanmu, ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ya nuna yarda, ko da babu magana. Ka ajiye kuɗi ka ɗauki burodi, mai shago ya karɓa, an yi ciniki. To in aka yi magana da lafazin abin da ya riga ya auku, mai saye ya ce na saya, mai kaya ya ce na sayar, wannan ya lizimci kowa, babu mai cewa wasa nake yi. Amma Shehu Halil a cikin Muhtasar ya kawo wata sura daban: mutum ya ce zan saya a kaza, mai kaya ya ce na yarda, sai mai tayin ya ce ni ban yi nufin saye ba, gwaji nake yi. A nan sai a ce ya rantse cewa bai nufi ƙulla ciniki ba. In ya rantse ya kuɓuta, in ya ƙi rantsuwa ciniki ya hau kansa. Haka shi ma mai kaya da ya kai hajarsa kasuwa aka tambaye shi nawa, ya faɗi kuɗi, aka ce na ɗauka, sannan ya ce ban yi niyyar sayarwa ba. Hukuncinsu ɗaya.

Ku duba nauyin abin. Ba a ce ya tafi haka nan ba, an ce ya rantse da Allah. Mutum nawa ne cikin masu cewa bari in zaga za su iya dafa Alƙur'ani a kan cewa lokacin da suka taya ba da niyyar saye suka taya ba?

Abu_Sumayya:
Malam, to ina hadisin da ya ce masu ciniki biyu suna da zaɓi matuƙar ba su rabu ba? Ai bisa wannan hadisin, Hajiya tana da damar fasawa tunda ba ta bar shagon ba.

Almajirin_Zaure:
Hadisin ingantacce ne, Malam Abu Sumayya, yana cikin Buhari da Muslim daga Abdullahi ɗan Umar. Imamu Malik da kansa ya ruwaito shi a Muwaɗɗa, amma bai yi aiki da zahirinsa ba, don bai samu mutanen Madina suna aiki da shi haka ba. Malikawa da Hanafawa suka fassara rabuwar da rabuwar magana, wato da an gama na saya na sayar an rabu. Shafi'awa da Hambalawa suka ce rabuwar jiki ce, sai ɗaya ya bar wurin. Saboda haka wanda ya fasa kafin ya fita daga shago yana da manyan malamai a bayansa. Abin da ba shi da malami ko ɗaya a bayansa shi ne ƙaryar zan dawo alhali ya san ba zai dawo ba. In za ka fasa, ka ce na fasa, ka yi haƙuri. Shi kuma mai kaya, akwai hadisi a Abu Dawuda cewa wanda ya yarda ya warware wa musulmi cinikin da ya yi nadama a kai, Allah zai yafe masa tuntuɓensa.

Bala_Atamfa:
Malam, wallahi in mutum ya ce mini na fasa ka yi haƙuri, ko a raina ba zan riƙe ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ya ɗauki farashina na ƙarshe ya kai shagon maƙwabcina ya ce ga yadda Bala ya sallama, in za ka rage ɗari biyar in saya a wurinka. Ya mai da ni ma'auni ke nan.

Issoufou_Maradi:
Sallama gare ku daga Maraɗi. Ni ina da wani ƙarin bayani, don wani lokaci ba rashin alkawari ba ne, rashin fahimtar lissafi ne. Mu nan da dala muke ƙirga. Dala ɗaya sefa 5 ce. In na ce maka dala ashirin, sefa 100 nike nufi. Dala ɗari, sefa 500. Jikka ɗaya kuma sefa 1000. Baƙo daga Najeriya ya zo kasuwa, mai kaya ya ce mashi ɗari, shi ya ɗauka sefa 100 ne, ya ce na saya da murna. Ya miƙa kuɗɗi a ce saura 400. To wannan a ce dole ya saya? Kowane da abin da ke cikin kainai lokacin da ya amsa. A kasuwannin iyaka irin Jibiya da Mai'aduwa mutane sun saba, kafin a taya sai an tambaya da wane kuɗɗi ake magana, naira ko sefa, kuma a kan wane canji.

Tsohon_Malamin_Makaranta:
Issoufou ya tuna mini. Mu ma a nan jaka tana nan, amma tamu naira 200 ce. Asalinta fam 100. Da aka canja kuɗi a watan Janairu na 1973, fam ɗaya ya koma naira 2, sule ɗaya ya koma kwabo 10, shi ya sa jaka ta zama naira 200. Har bayan canjin da shekaru masu yawa tsofaffi a kasuwannin ƙauye da fam da jaka suke ciniki. Mutum zai ce jaka biyar, yaron yanzu ya tsaya yana kallonsa, bai san dubu ɗaya ake nufi ba. To ka ga jikkar Maraɗi da jakar Kano ba ɗaya ba ne, kuma duk Hausa ake yi.

Zango_Kumasi:
Mu ma a Gana haka. An cire sifili huɗu daga sidi a 2007, sidi 10,000 ya koma sidi 1, amma har yau akwai tsofaffin da za su ce maka miliyan ɗaya suna nufin sidi 100. Game da tayi kuwa, a kasuwar Kejetiya na lura matan da ke sayar da kayan abinci ba su cika son rage kuɗi ba, sun fi son su ƙara maka kaya a kai. Kuɗin yana nan yadda ta faɗa, gyara ce ake ja.

Dan_Maiwurno:
Gaisuwa daga 'yan'uwanku na Sudan, ku ci gaba da sa mu a addu'a. Maganar albarka da Baba Dattijo ya yi ta burge ni. A kasuwannin nan in ka taya bai kai ba, mai kaya cewa yake yaftahallah, wato Allah ya buɗa. Babu zagi, babu kora. Iyayenmu Hausawa na nan in suna ciniki a tsakaninsu har yanzu albarka suke cewa.

Inna_Mai_Kayan_Miya:
Ni ban iya dogon rubutu ba, 'yata ce take rubuta mini. Kuna ta maganar turmi da sa, ku zo ku ji namu. Da asuba nake zuwa Yankaba in saro tumatir da tattasai da albasa. In biya mai ɗauka, in biya mai adaidaita, in zo in zauna in tsince ruɓaɓɓu in zubar, sannan in kasa. Kashi ɗaya abin da zan samu a kai bai taka kara ya karya ba. Sai mai mota ya tsaya, ko gilashi ba zai sauke duka ba, ya ce kashi uku nawa. In faɗa. Ya ce a'a, ya raba biyu. In ce albarka. Ya kunna mota. Ni kuma ina kallon tumatir ɗin nan, rana ta yi, ya fara laushi, na san in ya kwana gobe asara ce. Sai in ce kawo. Ya karɓa kuma ya ce gyara fa.

Wannan mutumin in ya shiga babban kanti mai sanyi, abin da aka manna a jikin kaya shi zai biya, ko ƙwandala ba zai nemi ragi ba. Ni da jarina gaba ɗaya bai kai kuɗin man da ke cikin motarsa ba, ni ce zai gwada wa iya ciniki. Ni ba na cewa kada a taya. Ku taya. Amma ku dubi wanda kuke tayawa. Mai kayan gwari in ta ce na sallama, sau da yawa ba don ta ci riba ba ne, tsoron kwantai ne.

Maman_Khairat:
Inna, Allah ya sa wa nema albarka. Wannan maganar ta shige ni. Ni dai a wurin masu kashi ba na ja, sai dai in nemi gyara.

Sani_Singa:
Gyarar ma daga jarinta take fita, Hajiya.

Khalifa_IT:
Ni fa duk wannan doguwar muhawara tana nuna abu ɗaya ne: tsarin ciniki ya tsufa. A rubuta farashi a jikin kaya, mai so ya biya, wanda ba ya so ya wuce. Babu ɓata lokaci, babu rantsuwa, babu wanda zai ji an cuce shi. Yanzu mutum biyu za su sayi abu ɗaya a shago ɗaya, wanda ya iya baki ya biya kaɗan, mai kunya ya biya da yawa. Ina adalci a nan? Mai kunya ne yake biya wa mai baki.

Bala_Atamfa:
Khalifa, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, ba zan musa ba. Amma ka zo Kantin Kwari ka gwada kuɗi ɗaya ka gani. Akwai waɗanda suka gwada. Mai saye zai shigo, ka ce masa nan ba a ragi, sai ya ji kamar ka kore shi. Ya tafi inda za a ce masa ashirin a rage masa zuwa sha biyar, ya bar naka na sha huɗu, kuma ya tafi gida yana murna an yi masa ragi. Mutanenmu ragin suke saye tare da kayan.

Na biyu, wane farashin zan rubuta? Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, mun ga lokacin da za ka sayar da dila da safe kana ganin ka ci riba, ka je sari da yamma kuɗin bai isa ya mayar maka da irin kayan ba. Ɗan kasuwa ba kuɗin da ya saya yake kallo ba, kuɗin da zai mayar yake kallo.

Na uku, a cikin ciniki ne nake gane wanda ke gabana. Mai sari da zai ɗauki turmi hamsin ya kai Agadas ko Garwa, da uwar marainiya da ke haɗa kayan aure ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya zo sayen na sallah, ba za su biya kuɗi ɗaya ba a wurina, kuma ban ga laifin hakan ba.

Khalifa_IT:
To uwar marainiyar in mai kunya ce fa, ba ta faɗa maka halinta ba?

Bala_Atamfa:
Nan kam sai tsoron Allah na mai shago. Ba ni da wata amsa.

Maman_Khairat:
Tsoron Allah ɗin ne muke nema. Malam Bala, ka gaya mini gaskiya, in ɗan kasuwa ya ce wallahi ko uwar kuɗi ba ki kai ba, sannan na juya zan tafi ya kira ni ya ce kawo, me zan ɗauka? Ko ya yi rantsuwar ƙarya, ko ya sayar da faɗuwa. Kuma kullum haka ake yi. Shi ya sa sallamarku ta daina nauyi a kunnenmu, mu ma tayinmu ya daina nauyi a bakinmu.

Almajirin_Zaure:
Hajiya ta taɓo inda ciwon yake. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce rantsuwa tana tafiyar da haja amma tana shafe albarka. Neman ragi shi kansa ba laifi ba ne, ga ƙissar raƙumin Jabir nan da Annabi ya saya a hanya suna dawowa daga tafiya, da suka iso Madina ya biya shi, ya kuma bar masa raƙumin. Kuma daga Jabir ɗin ne aka ruwaito addu'ar rahama ga mutum mai sauƙi in ya sayar, mai sauƙi in ya saya, mai sauƙi in ya bi bashi. Abubuwan da aka hana a fili su ne ɓoye aibi, da tauye mudu, da yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwanka bayan sun daidaita, da tare masu kawo kaya a hanya kafin su iso kasuwa su san farashi, da najashi. Najashi shi ne mutum ya ƙara kuɗi a kan kaya ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya. Ku lura, wannan ma tayin ƙarya ne, sai dai shi don amfanin mai kaya ake yin sa.

Dattijo_Kara:
Malam, wannan najashin yana nan a kara, musamman gab da babbar sallah. Za ka ga mutum ya zo ya tsaya kusa da mai sayen rago ya ce ni na ƙara dubu goma, alhali yaron mai ragon ne. Dillalin kirki ba ya yarda a yi haka a kan igiyarsa, don gobe ma yana son mutumin ya neme shi. Shawarata ga mai sayen ragon layya, in ka ga ana rububin ƙari a kan dabba ɗaya alhali ga irinta nan a gefe babu mai kallo, ka matsa gaba.

Usee_Waya:
A kasuwar waya ta Farm Center abin ya ɗan bambanta. Sau da yawa wanda kake ciniki da shi ba shi ne mai kayan ba, ɗan kayi-nayi ne. Zai karɓo waya daga shagon wani a kan kuɗi kaza, ya ɗora nasa. In ka taya ya ce bari in tambayi oga, da gaske yake, ba shi da ikon sallamawa ƙasa da abin da aka yanka masa. To in ya je ya dawo ya ce an sallama, kai kuma ka ce ka fasa, shi ne zai koma ya ji kunya a wurin mai shago, gobe ba za a ba shi kaya ba. Mutane ba sa ganin wannan.

Zee_Kayan_Kitchen:
Ku da kuke ganin fuskar mai saye ma kun ji daɗi. Mu masu sayarwa a WhatsApp da Instagram fa? A tambaye ki kuɗin ƙarshe, ki faɗa, a taya, ki sallama, a ce a ajiye mini zan turo kuɗi anjima. Ki cire kayan daga talla, wata ta zo da kuɗi a hannu ki ce an saya. Anjima shiru, gobe shiru, ki yi magana a karanta a ƙi amsawa. Ni yanzu na daina ajiye wa kowa sai an ba da kafin alƙalami. Malam Almajiri, in ta ba da kafin alƙalami ta fasa, ya halatta in riƙe?

Almajirin_Zaure:
Malama Zee, wannan shi ake kira cinikin arbun. In sharaɗin shi ne in ta fasa kuɗin ya zama naki, mafi yawan malamai, har da Malikawa, ba su halatta ba. Imamu Ahmad ya halatta, kuma malaman zamani da yawa sun bi shi in an yanka lokacin jira. In kuwa za ki mayar mata in ta fasa, babu saɓani a kan halaccinsa. Abin da ya fi kuɓutar da ke shi ne ki faɗi sharaɗinki a rubuce tun kafin ta turo, ki kuma sa wa'adi. Ki zauna da malamin da kika amince da shi ki gaya masa yadda kike yi dalla-dalla.

Tsohon_Malamin_Makaranta:
Wani abu da zan ƙara. A garinmu akwai abubuwan da muka tashi muka ga ba a ja a kansu. Likkafani ba a tayawa, abin da mai yadi ya ce shi ake ba shi, shi ma kuma kunya ba ta barinsa ya ɗora. Alƙur'ani kuwa ba ma cewa nawa ne, sai mu ce nawa ne hadiyyarsa. Ina kawo wannan ne don Khalifa ya ga cewa mutanenmu sun san kuɗi ɗaya tun kafin manyan kantuna su zo. Sun dai zaɓi inda za su yi shi.

Magini_Habu:
Ku sa mu ma a lissafi. Mu namu cinikin jinga ne. A yi jinga da kai a kan ɗaki biyu, ka sallama, ka kawo leburori, aiki ya yi nisa, sai mai gida ya ce a ƙara baranda, a ɗaga katanga layi biyu, duk a cikin kuɗin farko. In ka yi magana ya ce ai mun yi ciniki. To ciniki a kan me muka yi? Wanda ke cewa magana ɗaya ce, shi ma ya tsaya a kan aikin da aka ambata.

Admin_Zaure:
Jama'a muna godiya, amma mun yi nisa. Tambayar Malam Bala ita ce, wanda ya taya aka sallama masa, dole ne ya saya ko ba dole ba ne?

Abu_Sumayya:
Ni dai ina nan a kan hadisin. Matuƙar bai bar wurin ba yana da zaɓi. Amma ya faɗa a fili.

Sani_Singa:
Dole ne. In ba haka ba kasuwa ba za ta yiwu ba. Mu a sari da waya muke sallama mota guda ta kaya, babu takarda, babu shaida. Ranar da aka ce magana ba ta ɗaure mutum, ranar za mu rufe.

Maman_Khairat:
Alhaji Sani, ku a sari kun san juna kuma kun san farashi, ragin da kuke ja a kai kaɗan ne. Ni abin da zan iya ɗauka shi ne wannan: in mai kaya ya fara da kuɗi na hankali, na taya, ya sallama, zan biya ko da daga baya na ga mai sauƙi a gaba. In kuwa ya fara da ninki biyu, zan ce masa Malam faɗi gaskiyarsa, ba zan taya ba sam sai ya sauko da kansa. In ya ƙi in wuce.

Bala_Atamfa:
Hajiya, in kika yi haka babu ɗan kasuwar da zai ce kin shiga hakkinsa. Amma kin san wani abu? Da yawa in muka faɗi gaskiyarsa tun farko, gaskiyar ma sai an raba ta biyu.

Issoufou_Maradi:
Baba Dattijo, tambaya gare ka kafin a rufe. In an miƙa igiya, mai saye ya kai sa gida ya tarar da ciwon da ba a gaya mashi ba, ya kuke yi a Maigatari? Mu nan wurin dillali ake komawa.

Dattijo_Kara:
Mu ma wurin dillali ne, Malam Issoufou, ai don haka ake biyan la'ada. Ni na san mai dabbar, na san garinsu. In ciwon tsoho ne aka ɓoye, zan nemo shi, in ya ƙi mu je gaban shugabannin kara. In kuwa a hanya dabbar ta samu matsala bayan an loda ta a mota, wannan na mai saye ne. Wanda ya fi ba mu wahala shi ne cikin saniya, a ce tana da ciki a saya a kan haka, watanni su wuce babu komai. Shi ya sa ni ba na yarda a sa ciki a cikin kuɗi, sai dai a sayi saniyar a yadda ido ya gan ta.